Minti Huɗu na Babana

Babana mai gadin mahaɗa ne, wato inda titin mota ya tsallaka layin dogo a ƙarshen garinmu. Aikin ba shi da wani dogon bayani. Idan jirgin ƙasa ya kusa sai ya sauke sandar ƙarfe ya tare motoci, idan ya wuce ya ɗaga. Sau biyu a rana, ƙarfe bakwai da minti goma na safe, da biyar saura ashirin na yamma, kowace rufewa minti huɗu. Shi ya sa duk garin babu mai kiransa da sunansa. Minti Huɗu ake ce masa, har Ummanmu ma idan ranta ya ɓaci.

Gidan da muka tashi a ciki na hukumar jiragen ƙasa ne, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida, taku talatin daga rumfar gadi. Duk lokacin da jirgi ke wucewa sai tagogi sun yi rawa. Kofuna kuwa tafiya suke yi a kan kanta har su faɗo, sai da Baba ya buga musu katako a baki. Ni ce babba, mu uku ne, kuma dukanmu mun iya yin shiru a tsakiyar magana mu ɗora daga inda muka tsaya bayan minti huɗu. Har faɗa Umma takan ajiye, jirgi ya wuce, ta ɗauki abinta ta ci gaba ba tare da ta yar da kalma ɗaya ba.

Dutse jirgin yake ɗauka. Kilomita talatin daga wurinmu akwai mahaƙar jan ƙarfe. Daga can yake saukowa da safe a cike ya nufi tashar jiragen ruwa, da yamma ya dawo wayam. Abin da ƙasarmu ke sayarwa ke nan. A littafin da nake koyar da 'yan aji biyar an jera wasu abubuwa har shida, amma ni dai ban taɓa ganin an tare hanya saboda ɗaya daga cikinsu ba.

Baba ya kama aikin ne shekarar da ya auri Umma, lokacin sojoji na mulki. Akwai labarin da garin ke so a kansa, na ji shi ya fi sau ɗari. Wai wata yamma ya sauke sanda sai ga ayarin wani babban hafsa da jiniya. Soja ya sauko ya ce a ɗaga. Baba ya nuna masa agogo. Sojan ya kwaɗa masa mari. Baba ya sake nuna masa agogo, hannunsa ɗaya a kan sandar, har jirgi ya zo ya wuce. Mutane kan ba da labarin a matsayin jarumta. Ni da na zauna da mutumin shekara da shekaru, na san ba ta jarumta yake ba a lokacin. Minti huɗu ne ba su cika ba.

Ina 'yar shekara tara sojoji suka sauka aka yi zaɓe na farko. Na tuna Baba ya goge kakinsa tun ana gobe, ya ɗaga sandar safe, ya tafi makarantarmu ya shiga layi. Ya dawo da tawada a ɗan yatsa, ya yi kwana uku yana wanke hannu a karkace don kada ta goge. Umma ta ce ko ranar aurensu bai yi wannan rawar kai ba.

Ya ce mata, "Ke dai ba ki gane ba. Daga yau dutsen nan namu ne."

Kullum bayan labaran shida da rabi, rediyo kan faɗi farashin jan ƙarfe a wata kasuwar ƙetare da babu wanda ya taɓa takawa a danginmu. Baba yakan saurara da kofin shayi a hannu, ya gyaɗa kai, amma ba da rediyo yake aiki ba. Taragai yake ƙirgawa. Idan suka kai sittin, a shekarar za a sa fitilun titi, a soke kuɗin makaranta, a fara filin wasa mai cin mutum dubu arba'in a garin da bai kai haka ba ko an haɗa da jarirai. Idan suka sauko arba'in, fitilun za su mutu ɗaya bayan ɗaya, asibiti ya ce ka zo da audugarka. Idan suka gaza talatin, ga kuma zaɓe a gaba, Baba zai ce, "Waɗannan sun tafi." Bai taɓa kuskure ba. Sau uku muka canza gwamnati a haka. Kowace ta zo da launin fentinta, ta shafa wa rumfar gadi, ta ce waɗanda suka gabace ta ɓarayi ne. A kan wannan dai ba a cika musu da su ba.

Shekarar da Baba ya cika talatin da ɗaya a bakin aiki, taragai suka koma goma sha takwas, suka koma tara. Wata safiya ya sauke sanda, ya tsaya da tutarsa, minti huɗu suka cika, layi na nan fayau. Ya ƙara biyu, sannan ya ɗaga. Da yamma ma haka. Washegari rediyo ya ce kamfanin mahaƙar ya dakatar da haƙa na ɗan lokaci.

Dole in faɗi dokar hukumar a nan, domin a kanta gidanmu ya rataya. Wanda ya cika shekara talatin da biyar cif yana da fansho har ya mutu, kuma gidan da yake ciki ya zama nasa. Wanda aka soke gurbin aikinsa kafin nan, ko da kwana ɗaya ne ya rage, sallama ce ta lokaci ɗaya, sannan ya bar gida cikin wata uku. Baba ba shi da gona, ba shi da fili, bai iya wata sana'a ba. Umma kuwa ta daɗe da zaɓar inda za ta fasa bango ta ƙara ɗaki ranar da gidan ya zama namu.

Babu wanda ya aiko wa Baba takarda cewa ya daina. Ba kuwa za a aiko ba, don rufe layin a hukumance daidai yake da gwamnati ta fito ta ce arziki ya ƙare, kuma babu mai son faɗin haka da bakinsa. A takarda, gyara ake yi wa layin. Albashi ya ci gaba da zuwa, ko da a makare. Baba ya ci gaba da sauke sanda.

Akwai littafin aiki da yake cikewa. Bayan gurbin kwanan wata da na lokacin rufewa da buɗewa, akwai wasu biyu da ake sa wa alama: "jirgi ya wuce a kan lokaci" da "jirgi ya makara". Wanda ya tsara littafin bai yi tunanin na uku ba. Baba ba ya ƙarya ko da wasa, saboda haka kullum na biyun yake sa wa alama.

Na taɓa ce masa, "Baba, shekara biyu fa. Wannan ai ta wuce makara."

Ya ce, "An gaya miki ba zai zo ba?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ni ma ba a gaya mini ba."

Makon farko ya sha hon, ya sha zagi. Wani direban bas ya sauko ya leƙa layi hagu da dama, ya tambayi Baba ko shi kaɗai yake ganin jirgin. Amma kowa a garin ya san dokar talatin da biyar ɗin nan, kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa cin albashin layin. Sannu a hankali hon ya ragu. Masu sayar da ruwa da lemo da jarida suka dawo bakin sanda, don minti huɗu ciniki ne. Direbobi kan kashe mota, su goge gilashi, su duba waya. Baƙo ne kawai ke tambaya, a ce masa jirgi ake jira, shi ma ya yi shiru. Mutanen da suka saba jiran ruwan famfo da wuta da sakamakon zaɓe, minti huɗu ba su isa su tayar musu da hankali ba.

Auren da na yi bai yi ƙarko ba, na kama hayar ɗaki da falo a cikin gari. Makarantar da nake koyarwa tana tsallaken layi, saboda haka kullum da ni ake jiran. Da farko kunya nake ji. Ina cikin bas in hango ubana tsaye ƙiƙam da tuta a hannu, yana kallon ciyawar da ta tsiro tsakanin katakon layi, in sunkuyar da kai. Daga baya kunyar ta tafi, babu kuma abin da ya maye gurbinta. Agogo kawai nake dubawa.

Saura shekara ɗaya da rabi Baba ya cika, farashi ya sake tashi, kamfani ya dawo. Da muka ji a rediyo, Baba ya shafa wa sandar mai, ya nome ciyawar layi iya inda ƙarfinsa ya kai. Dutse ya fara saukowa, amma a kan titi, cikin manyan motoci arba'in a jere, duk fentinsu ɗaya. Motocin na ɗan majalisarmu ne. An ce gyaran layin zai ci kuɗi da yawa. An kuma ce kwamitin da ya gano hakan shi ne shugabansa.

Wannan ɗan majalisa ba baƙo ba ne a gidanmu. Lokacin da jirgin ke jan tarago ɗaya na fasinja a jelarsa, shi ne mai sayar da tikiti a tasha, kuma a tsakar gidanmu yake cin abincin rana. Ɗan Tikiti muke ce masa. Ya sha saɓa ni a kafaɗa.

Ayarin motocinsa na farko yakan iso mahaɗa wajen bakwai da minti goma. Baba ya sauke sanda. Dutsen da jirgi ya kamata ya ɗauko ya tsaya yana jiran jirgi ya wuce. Daga wancan gefen titin hawa ne, mota mai kaya in ta tsaya ba ta tashi da daɗi, cikin wata biyu aka ja uku zuwa gareji. Wata Asabar da hantsi, ina gidan, sai ga Ɗan Tikiti da kansa.

"Yaya, ina gajiya?"

"Babu gajiya, ranka ya daɗe."

"Haba Yaya, wane irin ranka ya daɗe tsakanina da kai."

Ya zauna a bencin da ya saba zama, sai dai yanzu bencin ya yi masa kaɗan. Umma ta kawo ruwa, ya tsokane ta da cewa matar Yaya ta ƙi tsufa, sannan ya gyara zama.

"Alfarma na zo nema. Ban ce ka bar rumfa ba. Ka zauna, ka sha shayinka, ka cike littafinka yadda ka saba. Sandar kawai za ka bari a sama. Wata goma sha huɗu suka rage maka, na sani. Ni zan tsaya maka, ba mai taɓa ka."

Baba ya ce, "In sanda na sama, me zan rubuta a gurbin rufewa?"

"Abin da kake rubutawa mana."

"Ai rufewa nake yi kafin in rubuta."

"Yaya, tsakani da Allah, wa ke karanta littafin nan?"

"Ban sani ba. Na dai san mai rubuta shi." Baba ya dube shi. "Ka kawo mini takarda daga hukuma cewa jirgi ya daina zuwa, yau ɗin nan zan ɗaure sandar a sama."

"Ka san abin da takardar nan za ta jawo maka."

"Na sani."

Ɗan Tikiti ya shanye ruwansa, ya yi mana sallama da fara'a, ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Umma ta soma.

"Minti Huɗu, mutum ya tako har gida ya ce ka zauna ka ci albashi ba ka yi komai ba. Da ma me kake yi?"

Ya ce, "Ina rufewa, ina buɗewa."

Ni bayan Umma na bi, na kuma faɗi maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba. Amma a raina na gane lissafinsa. Muddin yana sauke sandar nan, ma'aikaci ne. Ranar da ya bar ta a sama, ya zama wani tsoho da ke zaune a rumfa ana biyansa don a rufe ido. Na gane, kuma ganewar ba ta rage mini haushi ba.

Zaɓe ya ƙarato. Ɗan Tikiti ya shinshini iska ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar adawa. Wata safiya muka tashi garin ya cika da fasta. Hoton Baba ne, an ɗauka ta baya: hularsa, tutarsa, layi wayam, ga motoci a jere har inda ido ya tsaya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, "MUN GAJI DA JIRA". Har a jikin rumfar gadi an liƙa guda biyu. A wurin taro yakan ɗaga hoton ya ce ga yadda ake ɓarnar dukiyar ƙasa, jama'a su yi ta tafi, cikinsu har da masu sayar da lemo a bakin sanda. Ya aiko direbansa gidanmu da buhun shinkafa, da saƙon cewa siyasa ce kawai, kada Yaya ya ɗauka da zafi. Umma ta karɓi buhun. Ta ce shinkafa ba ta yi mata laifi ba.

Ranar zaɓe ina cikin malaman da aka ɗauka aikin wucin gadi, ni ce mai sa wa mutane tawada. Baba ya zo bayan ya ɗaga sandar safe, cikin kakinsa, ya bi layi a ƙarƙashin hotonsa. Da ya iso wurina ya ce, "Sannu da aiki, malama," kamar bai taɓa ganina ba. Na kama ɗan yatsansa na tsoma. Ta taga na gan shi a bakin famfon makaranta yana cuɗa yatsan da sabulu. Tawadar ba ta fita da wuri. Ya cuɗa, ya duba, ya ƙara cuɗawa, sannan ya sa hannun a aljihu ya tafi.

Ɗan Tikiti ya ci, sabuwar jam'iyyarsa ta kafa gwamnati. Cikin alkawuran da suka yi, har da asibiti da ruwa da aikin yi ga matasa, ɗaya suka fara da shi: za a daina ɓarna, za a sayar da ƙarfen tsohon layin.

Wata Talata da sha ɗaya da kwata, ina tsakiyar darasi, na ji usur. Alli ya faɗi daga hannuna. Yaran makarantar duka suka yi taga a guje, ƙananan cikinsu ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya ba. An ce Baba yana cikin gida ya ji, ya fito da gudu, ya sauke sanda da sauran lokaci. Kan jirgi ne da taragai uku, ɗaya na ɗauke da ƙugiyar ɗaga ƙarfe. Bayan ya tsallaka titi ya tsaya, shugaban aikin, wanda mutanensa ke kira Injiniya, ya sauko ya miƙa wa Baba takarda. Za su hau har mahaƙa, su fara ɗage layin daga can suna ja da baya. Gurbin mai gadin mahaɗa zai ƙare ranar da aka ɗage ƙarfen da ya ratsa titi.

A ranar, saura kwana ashirin da uku Baba ya cika talatin da biyar.

Muka zauna muka yi lissafi. Kilomita talatin, an ce ɗaya suke ɗagewa a rana, kwana talatin ke nan. Umma har ta yi dariya. Ta ce ko ba haka ba ma, yaushe aka taɓa gama aikin gwamnati a kan lokaci a ƙasar nan? Filin wasan nan yau shekara goma sha biyar ba a rufa shi ba. Duk garin ya shiga lissafin tare da mu. Direbobin da ke saukowa daga sama kan leƙo ta taga su gaya wa Baba inda aka kai. Abin da ba mu sani ba shi ne, ɗan kwangilar nauyin ƙarfe ake biyansa, ba kwana ba. Motocin Ɗan Tikiti ke kwashe abin da aka ɗage, kuma ba sa makara. Ranar kwana na goma sha takwas da yamma, daga ƙofar gidanmu muna hango ƙugiyar. Shi ne aikin gwamnati na farko da na ga ya riga lokacinsa.

Na tafi wurin Injiniya da ƙafata, ta kan layi. Na same shi zaune a bakin tarago yana cire takalmi. Na gaya masa ko ni wace ce. Ya ce ya sani, kowa ya riga ya gaya masa.

"Malama, ni ma ɗan ma'aikacin layi ne, a irin gidanku na girma. Ba zan iya tsayar da aiki ba, ba nawa ba ne. Amma akwai doka. Ba na ɗora kan jirgi a titi sai mai gadi ya sauke sanda. In mai gadi ba shi da lafiya, sai na rubuta wa hedkwata su turo wani. Kin kuwa san hedkwata."

"Kwana nawa?"

"Mako guda in sun yi sauri. Ban taɓa ganin sun yi ba." Ya kaɗe takalmin. "Gobe da safe zan matso in tsaya a bakin alamar tsayawa kafin titi, in sa a busa usur sau uku yadda doka ta ce, in jira. In ba wanda ya fito, in rubuta takardata. Ni ban ce miki komai ba."

Na dawo gida kusan da gudu. Na tarar Baba ya ɗaga sandar yamma yana cike littafi. Na zayyana musu komai.

Umma ta ce, "To ka ji. Kwana huɗu kawai, kwanciya. Kuma ba ƙarya za ka yi ba, yau wata nawa kana kukan bayan nan naka?"

Baba ya dafa bayansa, kamar yana tambayarsa. Can ya ce, "To."

Ban taɓa jin ya sauko da sauƙi haka ba. Na kwana a gidan. Da safe Umma ta lulluɓe shi da bargo, ta ɓoye hularsa da kakinsa a cikin akwatinta, ta ja kujera ta zauna a ƙofar ɗaki. Ni ina falo a tsaye. Ba mu kunna rediyo ba. Ƙarfe bakwai muka ji an tayar da injin. Ya taho a hankali, kofuna suka fara 'yar rawarsu a kan kanta, wadda na manta da ita. Sai ya tsaya. Usur na farko ya tashi.

Na dubi agogon bango. Bakwai da minti goma. Injiniya bai shirya haka ba, na tabbata. Ƙarfe bakwai suke fara aiki, tafiyar ta ci minti goma, shi ke nan.

Usur na biyu. Umma ta ce, "Kwanta abinka." Ban ji motsi ba.

A na uku na ji ƙarar gado.

"Matsa," in ji Baba.

"Gidan nan fa," in ji Umma.

"Jirgi ne a bakin hanya, sanda na sama."

"A tsaye yake. Ba zai motsa ba, ka sani."

"Na sani."

Ya raɓa ta gefen kujerarta ya fito, daga shi sai singileti da wando, babu hula, babu takalmi. Ta gabana ya wuce. Ba shi da nauyi, da na riƙe shi da ya riƙu. Ban riƙe shi ba, har yau kuma ban san dalili ba. Na bi shi zuwa ƙofar gida na tsaya. Ya yi takunsa talatin, ya ɗauko tuta a bayan ƙyauren rumfa, ya kama sanda. Na kalle ta tana saukowa a hankali, ba ƙara, don ta sha mai.

Injiniya ya dube ni daga nesa. Ya buɗe hannuwa, ya sauke. Sannan ya yi wa direba alama.

Kan jirgi da taragai uku ba su ci ko minti ɗaya ba. Sandar kuwa ta zauna a ƙasa har rana ta take, saboda a nan suka fasa kwalta suka zare ƙarfen. Motoci sun yi layi a gefe biyu, na dutse da na mutane. Ban ji hon ko ɗaya ba. Masu lemo sun yi ciniki sosai. Da aka cike ramin da tsakuwa, Baba ya ɗaga sanda, ya shiga rumfa, ya buɗe littafi. Ina tsaye a kansa. Ya rubuta kwanan wata, da lokacin rufewa, da na buɗewa. Sannan ya sa alama a gurbin farko, na "jirgi ya wuce a kan lokaci", wanda ya shekara huɗu babu komai a ƙarƙashinsa. Injiniya ya sa hannu ya karɓi littafin da tuta.

Umma na nan a kujerarta inda muka bar ta. Na zaci za ta yi faɗan da za a ji a tasha. Ta dube shi, ta buɗe baki, ta rufe, kamar yadda takan yi idan jirgi ya katse ta. Ta ajiye faɗan. Har yau ba ta ɗauka ba.

An ba shi sallamarsa. Mun rubuta takardun roƙo guda uku a kan kwana huɗun nan, an ce suna kan tebur. Ɗan Tikiti ya aiko cewa abin ya taɓa shi ƙwarai. Bayan wata uku muka kwashe kaya. Gidan yanzu ofishin direbobin manyan motoci ne, sun fasa bangon daidai inda Umma ta zaɓa.

Baba da Umma suna wurina. Na bar musu ɗaki, ni ina falo. Ƙannena kan aiko da abin da ya samu. Baba yana sauraron farashin jan ƙarfe kullum, an ce ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. An maido da fitilun titi. Ana kuma maganar za a shimfiɗa sabon layin dogo in an sake zaɓar su Ɗan Tikiti, har an kafa kwamiti. Bas ɗina ba ya tsayawa a mahaɗa yanzu, nakan isa makaranta kafin mai shara.

Ranakun da ba ni da aiki, tare muke karyawa. Bakwai da minti goma yakan ajiye kofinsa ya dubi bango. Mu ma mu yi shiru, ba wanda ya ce mu yi. Sau ɗaya na kasa haƙuri a irin wannan lokacin, na ce, "Baba, me ya sa ka tashi?"

Ya ɗaga mini hannu, alamar in jira. Na jira. Da minti huɗu suka cika ya sauke hannun.

Ya ce, "Shekara huɗu ina rubuta ya makara. Sai ga shi ya zo."

Ya ɗauki kofinsa. Shayin ya huce, Umma ta karɓa ta ƙara masa mai zafi.